Kashi nawa cikin ɗari? Fashin baƙi kan lissafin tashi da saukar farashi

Tun da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fara fitar da rahoton cewa hauhawar farashi tana sauka, magana ɗaya ake ta juyawa a majalisun Gombe, daga rumfunan Tudun Hatsi har bakin shagunan Pantami da Jekadafari: in da gaske ta sauka, don me kuɗin Keke bai ragu ba, kuɗin magani bai ragu ba, haya da kuɗin makaranta kuwa kullum gaba suke yi? Wasu sun riga sun yanke hukunci cewa alƙaluman gwamnati ƙarya ce tsagwaronta. Ga kuma manomin Kumo ko na Dukku yana kukan hatsi ya faɗi, abin da ya noma bai mayar masa da kuɗin taki ba. Mai ƙaramin albashi yana cewa an yi masa ƙarin da ya haura kashi 100, amma kuɗin ba sa kai shi tsakiyar wata. To wa ke da gaskiya a cikinsu?

Abin da na lura shi ne, sau da yawa dukkansu gaskiya suke faɗa, sai dai kowa da abin da yake aunawa. Maganar nan ta "kashi kaza cikin ɗari" da muke ji kullum a rediyo ba ta cika sai an tambaya: kashi kaza na me? Daga wane farashi aka auno, zuwa wane, cikin wane tsawon lokaci? Wanda bai yi wannan tambayar ba, ana iya gaya masa gaskiya ya fahimci akasinta, ana kuma iya cutarsa da lissafin da babu kuskure a cikinsa.

## Mene ne kashi cikin ɗari?

Lissafin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Manomin da ya noma dawa da ruwan sama, in amfaninsa ya kai nisabi, ya san cikin kowane buhu goma ɗaya na zakka ne. Shi ne ushiri, kuma shi ne kashi 10 cikin 100. Mai noman rani a Dadin Kowa da ke sayen mai yana tayar da injin ban ruwa, nasa ɗaya cikin ashirin ne, kashi 5 ke nan. Zakkar kuɗi da ta kayan kasuwanci ɗaya cikin arba'in ce, wato kashi 2.5. Rabi kashi 50 ne, rubu'i 25, sulusi 33 da 'yar ɗoriya, sumunin da matar mamaci ke gada in ya bar 'ya'ya kuwa kashi 12.5. Da waɗannan malamanmu suke raba gado tun kafin zuwan boko.

Abin da boko ya ƙara shi ne a riƙa raba kowane abu gida ɗari, komai girmansa komai ƙanƙantarsa, don a iya gwada abubuwan da ba girmansu ɗaya ba. A ce kuɗin Keke ya tashi daga naira 100 zuwa 150, buhun siminti kuma ya tashi daga 10,000 zuwa 10,500. A ido ƙarin siminti ya fi, naira 500 ina naira 50. Amma a kaso, siminti kashi 5 ya ƙaru, Keke kashi 50. Kuma Keke kullum ake hawa, zuwa da dawowa, siminti kuwa sai mai gini.

## Yadda ake fitar da lissafin

Ka nemo bambancin da ke tsakanin tsohon farashi da sabo, ka raba shi da tsohon farashi, ka ninka abin da ya fito sau 100. Shi ke nan. Farashin hatsi da zan riƙa kawowa a nan misalai ne don sauƙin lissafi, ba farashin kasuwar yau ba.

A ce buhun masara yana naira 40,000 da kaka, ya kai 60,000 da bazara. Bambancin 20,000 ne. Raba shi da 40,000, za ka samu rabi. Ya tashi da kashi 50. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne wajen zaɓar abin da za a raba da shi. Ma'aunin kullum shi ne farashin da aka baro, ba wanda aka isa ba.

Da waya ma ya fi sauƙi. Raba sabon farashi da tsoho kai tsaye. In ta nuna maka 1.5, ƙari ne na kashi 50. In ta nuna 1.08, kashi 8 ne. In ta nuna ƙasa da ɗaya, kamar 0.75, ragi ne na kashi 25. Wanda kuma ba ya son ciro waya a tsakiyar kasuwa, ya yi aiki da ushiri: ka yar da sifili ɗaya daga ƙarshen farashin, ka samu kashi 10. Ushirin 40,000 shi ne 4,000. Kashi 30 ushiri uku ne, 12,000. Kashi 5 rabin ushiri ne, 2,000.

Akwai wani lissafin baya da ke kayar da mutane da yawa. Mai shago ya ce ya yi ragin kashi 20 saboda Sallah, shaddar ta koma naira 8,000. Nawa take a da? Da yawa za su cire kashi 20 na 8,000 su ɗora, su ce 9,600. Ba haka ba ne. Ragin daga tsohon farashi aka yi shi, don haka 8,000 ɗin nan kashi 80 ne na tsohon farashin. Raba 8,000 da 0.8, amsar 10,000 ce.

## Hawa da sauka ba tsayinsu ɗaya ba

Mu koma ga buhun masarar nan. Ya hau daga 40,000 zuwa 60,000, kashi 50. Sai kaka ta sake zagayowa ya dawo 40,000. Da kashi nawa ya sauka? Ba 50 ba ne. Naira 20,000 ɗin ce dai, amma yanzu daga 60,000 ake aunawa, sulusi ne, kashi 33. Da a ce da kashi 50 ya sauka, da 30,000 zai tsaya, ƙasa da inda ya faro.

Wannan ƙaramin bambanci shi ke bayyana abubuwa manya. Farashi yana iya hawa da kashi 200 ko 500, babu abin da ya tare shi. Amma ba ya iya sauka da fiye da kashi 100, don in ya sauka da 100 kayan sun zama kyauta. Duk inda ka ji an ce wani abu ya faɗi da kashi 150, mai maganar ya juya lissafin.

Naira ce babban misali. Kafin a sake ta kasuwa ta riƙa yanke mata farashi a watan Yuni na 2023, ana canja dala ɗaya a kasuwar hukuma a kan kusan naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta kai wajajen naira 1,500. Farashin dala ya tashi da kusan kashi 226. Sai ka ji ana cewa darajar naira ta faɗi da sama da kashi 200, abin da ba zai yiwu ba. Ga yadda yake: naira 46,000 a da tana sayen dala 100. Da sabon farashin, dala 31 kawai take saye. Ta rasa 69 cikin 100. Dala ta hau da 226, naira ta faɗi da 69, kuma abu ɗaya ake nufi, ɗaya ya tsaya daga wannan gefen, ɗaya daga wancan.

Haka wutar lantarki. A Afrilun 2024 hukumar da ke kula da harkar ta ɗaga wa 'yan rukunin A, wato waɗanda aka ware wa wutar aƙalla awa 20 a rana, kuɗin wuta daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kowane kilowat na awa ɗaya. Ƙarin kashi 231 ne. Wata guda bayan nan aka rage shi zuwa naira 206.80, ragin kashi 8. An yi ragi, ba ƙarya, amma wanda ke biya har yanzu yana biyan ninki uku na abin da ya saba. Kafin ya koma inda yake sai an yi masa ragin kusan kashi 70 daga 225 ɗin.

A nan ne kuma ya kamata a raba "ninki" da "kaso", don suna yawan shiga wa juna. Abin da ya ninka sau biyu, ƙarin kashi 100 ya samu. Wanda ya ninka sau uku, kashi 200 ne, ba 300 ba, saboda ninki ɗaya a ciki shi ne tsohon farashin da kansa.

## Ƙari a kan ƙari ba a tara shi

Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Cikin kwanaki litar fetur a gidajen man NNPC na Abuja ta tashi daga kusan naira 195 zuwa 537, ƙarin kashi 175. A watan Yuli ta sake tashi zuwa 617, ƙarin kusan kashi 15. In ka tara 175 da 15 za ka ce 190. Amma auna daga 195 zuwa 617 kai tsaye, kashi 216 ne. Ina sauran 26 ɗin suka fito? Ƙari na biyu ba a kan 195 ya hau ba, a kan 537 ya hau. Kashi 15 na babban abu ya fi kashi 15 na ƙarami.

Shi ya sa ƙarin da ake yi kaɗan-kaɗan yake cin mutum ba tare da ya farga ba. Kashi 10 sau uku a jere ba 30 ba ne, 33 ne. Masu ba da bashi ta waya sun san wannan sarai. Bayan haramcin riba da ke kansa, wanda aka ce masa ruwan kashi 5 ne "kawai" a wata ya sani cewa a shekara kashi 60 ne, in kuwa ana ɗora ruwa a kan ruwa ya kusa kashi 80.

## Maki daban, kaso daban

A Fabrairun 2020 harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5. Masu kare gwamnati suka ce ƙarin 2.5 ne kacal. Masu suka suka ce an ƙara haraji da kashi 50. Dukansu ba su yi ƙarya ba. Tazarar da ke tsakanin 5 da 7.5 ita ce 2.5, kuma irin wannan tazara tsakanin kaso da kaso maki ake kiranta. Amma harajin da kansa ya ƙaru da rabinsa: kayan naira 20,000 da ake biya wa 1,000 sun koma ana biya musu 1,500. Shi kuma mai saye, abin da ya fita daga aljihunsa ya tashi daga 21,000 zuwa 21,500, ƙasa da kashi 2.5. Lambobi uku ke nan a kan abu ɗaya, kowa ya ɗauki wadda ta dace da hujjarsa. Wanda ya ji ɗaya ya nemi sauran biyun kafin ya ɗauki ɓangare.

## Hauhawar farashi ta sauka, me ya sa kaya ba su sauka ba?

Nan gizo ke saƙar. Hauhawar farashi ba farashi ba ce, saurin tashin farashi ce. Kowane wata Hukumar Ƙididdiga tana tattara farashin wasu kayayyaki da ayyuka daga jihohin ƙasar nan, abinci, haya, sufuri, magani, sutura da sauransu, ta gwada su da farashin wannan watan a bara. In ta ce hauhawa kashi 30 ce, tana nufin abin da aka saya naira 1,000 bara warhaka ya koma 1,300. In baɗi ta ce ta sauka zuwa kashi 20, ba ta ce kayan sun koma 800 ba. Cewa ta yi an ɗora kashi 20 a kan 1,300, sun zama 1,560. In ta sake sauka zuwa 15, sun zama 1,794. Cikin shekara ukun nan, biyu daga ciki ana cewa tana sauka, kayan sun tashi da kashi 79.

Ka ɗauke shi kamar randar da aka ajiye a ƙarƙashin indararo. Ruwa ya rage ƙarfi ya koma yayyafi, amma randar ba raguwa take yi ba, ci gaba da cika take yi a hankali. Kafin ruwan cikinta ya ragu sai an kwashe. Kafin farashi gaba ɗaya ya sauka sai alƙalamin hauhawa ya faɗa ƙasa da sifili, kuma wannan ba abu ba ne da ake yawan gani.

Akwai kuma wani abu da ya ƙara rikita mutane. Hukumar ta ce hauhawar farashi ta Disambar 2024 ta kai kashi 34.80. Ta Janairun 2025 kuwa ta ce 24.48 ce. Maki goma da ɗoriya cikin wata ɗaya. Babu wanda ya je kasuwa a wannan Janairun ya ga an yi irin wannan sauƙi, don ba a kasuwa abin ya faru ba. Hukumar ce ta canja ma'auninta. Ta daina aunawa daga shekarar 2009 ta koma 2024, ta sabunta jerin kayan da take dubawa, ta kuma rage nauyin da take ba abinci daga sama da rabi zuwa kusan kashi 40. Sabunta ma'auni ba laifi ba ne, ya ma daɗe da cancanta, don abin da mutane ke kashe wa kuɗi a 2009 ba shi ne na yau ba, ko data kaɗai ta isa shaida. Laifin yana kan wanda ya ɗauki lambar tsohon ma'auni ya jera ta da ta sabo ya ce wa talaka ga nasara. Kamar a auna hatsi da babban mudu jiya, a auna da ƙarami yau, a ce ya ƙaru.

Maganar nauyin abinci kuwa ta shafe mu kai tsaye. Alƙalamin da ake sanarwa matsakaici ne na ƙasa baki ɗaya, ba na gidan kowa ba. A ce abinci ya tashi da kashi 40, sauran abubuwa suka tashi da 20. Magidancin da ke kashe kashi 70 na samunsa a kan abinci, tsadar da ta same shi kashi 34 ce. Mai hali da abinci ke cin kashi 30 kawai na samunsa, tasa 26 ce. Gari ɗaya, kasuwa ɗaya, amma ba hauhawa ɗaya suke sha ba. Don haka in mai gadi ko ɗan dako ya ce shi abin da yake ji a jikinsa ya fi abin da aka faɗa a rediyo, ba jahilci ba ne, jiki magayi.

Matsakaicin nan shi ne kuma ya sa hatsi ke iya faɗuwa alhali hauhawa tana nan. Tsadar 2023 da 2024 ta sa mutane da yawa sun koma gona, gwamnati ta sanar a Yulin 2024 da ɗage harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150, naira kuma ta ɗan tsaya wuri ɗaya a 2025. Hatsi ya yi sauƙi. Haya, magani, sufuri da kuɗin makaranta ba su bi shi ba. Ko kiran waya ma, a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50, saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6.

## Ƙarin albashi da abin da yake saye

Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 zuwa 30,000 a 2019, ƙarin kashi 67. A Yulin 2024 ya koma 70,000, ƙarin kashi 133. A takarda babban ƙari ne. Amma ma'aikaci ba takarda yake ci ba, sai a auna albashin da abin da yake saye. A 2019 litar fetur naira 145 ce, 30,000 tana sayen lita 206. A ƙarshen 2024 lita ta kai wajajen naira 1,000, 70,000 tana sayen lita 70. Albashi ya hau da kashi 133, fetur ya hau da kusan 590, ƙarfin albashin a gaban famfon mai ya ragu da kashi biyu cikin uku. Ba kowane kaya ne ya tashi kamar fetur ba, amma kusan kowane kaya a mota yake zuwa Gombe.

In kana son sanin ko ƙarin da aka yi maka ya cim ma tsada, kada ka cire wannan kaso daga wancan. Raba su. Ƙarin albashi na kashi 25 a shekarar da kaya suka tashi da 40, raba 1.25 da 1.40, za ka samu 0.89. Abin da kake iya saye ya ragu da kashi 11.

## Ƙarin da ba a faɗa

Wani ƙarin ba a farashi yake bayyana ba. Ƙosai biyar naira 100 ya koma huɗu naira 100. Mai saye yana ganin ɗaya ne kawai ya ragu, kashi 20. Amma kowane ƙosai ya tashi daga naira 20 zuwa 25, ƙarin kashi 25 ke nan. Haka burodin da ya rame, ƙullin sukarin da ya tsuke, mudun da aka daina yi masa tozo. Ban ga laifin mai ƙosai ba, wake da mai sun yi mata tsada, kuma ta san in ta ce 125 yaran da ake aikowa da naira 100 za su juya. Amma mudun da aka bubbuge gindinsa don ya rage ci, wannan tauye ma'auni ne, ba shi da wani suna.

Cajin POS ma haka yake yi wa mai ƙaramin ƙarfi. Naira 100 a kan 5,000 kashi 2 ne. Naira 100 a kan 1,000 kashi 10 ne, ushiri cur. Wanda ba shi da halin cirewa da yawa lokaci ɗaya shi ya fi biya.

## Ɗan kasuwa, mai saye da manomi

Riba ma fuska biyu gare ta. Ka sari kaya 40,000 ka sayar 50,000. A kan uwar kuɗi ribarka kashi 25 ce, a kan ciniki kashi 20. Wanda bai raba waɗannan ba yana iya faɗuwa da hannunsa. Ya ɗora kashi 25, sai wani dattijo ya ce, "Ɗana, yi mini ragi mana," shi kuma don kunya ya cire kashi 25 yana zaton ribar kawai ya yafe. Kashi 25 na 50,000 kuwa 12,500 ne. Ya sallama a 37,500, ya taɓa uwar kuɗi da 2,500. Ragin da zai mayar da shi daidai jarinsa kashi 20 ne.

Rigimar da ta fi zafi tsakanin mai saye da mai shago ita ce ta tsofaffin kaya. Mai saye yana cewa kayan nan tun kafin tashin farashi ka saro su, don me za ka ƙara musu kuɗi? Mai shago kuma yana da amsa mai nauyi. Ya sari katan 10,000, ya sayar 11,500, ribar kashi 15. Ya koma sari ya tarar katan ya kai 12,000. A littafi ya ci riba, a kanta kuwa katan goma sun koma tara da 'yan kai. In ya ci gaba a haka sau huɗu ko biyar, shagon ya kama hanyar zama kango. Ƙananan 'yan kasuwa da yawa ta haka jarinsu ya narke a shekarun nan ba tare da sun ga ranar da suka faɗi ba. Ni ina ganin hujjarsa karɓaɓɓiya ce, amma da sharaɗi: wanda ya ce da farashin sarin yau yake sayarwa in kaya sun tashi, to ya bi farashin sarin yau in sun sauka. Ba daidai ba ne a bi sabon farashi wajen hawa da safe, a ce "tsofaffin kaya ne, da tsada na saro" wajen sauka har wata biyu.

Masu ajiye hatsi su ma lissafin hawa da sauka ya kama su. Wanda ya saya 80,000 yana jiran bazara, farashin ya faɗo 40,000, ya yi asarar kashi 50. Amma kafin kuɗinsa su dawo sai farashin ya hau da kashi 100, ban da kuɗin sito, maganin ƙwari, dako da la'adar dillali.

Wanda na fi tausaya wa a duk wannan shi ne manomi, don shi kaso biyu ne suka haɗu a kansa, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Hanyar da ta fi nuna halin da yake ciki ita ce a ajiye naira gefe, a ƙirga da buhu. A ce bara buhun taki 30,000 ne, buhun masara 60,000. Rabin buhun masara ya saya masa buhun taki. Bana taki ya hau da kashi 50 ya koma 45,000, masara ta sauka da kashi 40 ta koma 36,000. Yanzu sai ya sayar da buhu ɗaya da rubu'i kafin ya sayi buhun takin nan. Wanda zai tara 50 da 40 zai ce matsin kashi 90 ne. A'a, daga rabin buhu zuwa buhu da rubu'i ninki biyu da rabi ne, tsadar taki a gare shi ta ƙaru da kashi 150. Ga kuɗin huɗa, maganin feshi da na leburori, su ma babu wanda ya sauka.

Mu mazauna birni muna murnar saukar hatsi, kuma muna da dalili, don an sha wuya. Sai dai manomin da ya yi wannan lissafin, ko da a zuci ne, ba zai zauna ba. Masara da shinkafa masu cin taki ne. Zai rage musu fili, ya ƙara wa waken suya, gyaɗa ko riɗi, wani ma ya bar gonar ya shigo gari neman Keke ko dako. In masu yin haka suka yi yawa, masarar da za ta shigo Tudun Hatsi baɗi za ta ragu, farashin ya sake ɗagawa. Ranar da buhun nan na misali ya tashi daga 36,000 ya koma 60,000, za a sanar cewa masara ta hau da kashi 67, mutane su ɗora hannu a ka, alhali inda take shekara biyu da suka wuce ta koma, ita da ta sauka da kashi 40.